Tanderu da Rufinsa: Abin da Masu Gasa Fiza a Lambun Gida Suka Manta

A cikin shekaru talatin da suka wuce wata al'ada ta bazu a Amurka da Ostireliya da ƙasashen Turai. Magidanci zai keɓe lungu a lambun gidansa, ya gina tanderun jan bulo mai ƙubba irin na birnin Napoli, don ya riƙa gasa wa iyali da baƙi fiza ranar hutu. Wasu kan shafe watanni suna yanka bulo suna jerawa, su yi wa ƙubbar yaɓen siminti mai santsi, sannan su bar ta a fili tana shan rana da ruwa. Kafin a zagayo hunturu biyu ko uku tanderun ya fara cin itace ba ƙoshi, zafi ya ƙi zama a cikinsa, yaɓen ya tsattsage, mai shi ya koma neman yadda zai ɗaga bango da rufi a kewaye da shi. Mutane da yawa na ɗaukar wannan rufi a matsayin ƙarin ado, abin da ake yi idan kuɗi ya yi saura. Ni dai ina ganin tarihin sana'ar ya ƙaryata wannan ɗauka. Kusan duk inda aka gina tanderu a ƙasar ruwa ko ta sanyi, da rufinsa aka gina shi tun farko, kuma ƙubbar da ke tsaye a fili ba inuwa ba kariya baƙon abu ne da aka kwaikwayo daga hoto.

Tsohuwar hujja tana kwance kusa da Napoli ɗin kanta. A shekara ta 79 Miladiyya dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne garin Pompeii da toka, kuma tokar ta adana gidajen burodi sama da talatin, da duwatsun niƙansu waɗanda jakuna ke juyawa, da tanderunsu. A ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira gidan burodin Modestus, an tarar da burodi 81 a cikin tanderu sun zama gawayi. Wanda ya tsaya gaban irin wannan tanderu ba zai ga ƙubba daga waje ba. Abin da zai gani shi ne gini mai kusurwa huɗu da baka a gaba, ƙubbar kuwa tana ɓoye a ciki. Magina sun kewaye ta da bango, sun zuba yashi a kanta don riƙe zafi, sun bar wa hayaƙi ɗan sarari a gaban bakin da zai bi ya fita ta sama, duk wannan kuma a cikin gidan da ke da nasa rufin. Ba a gasa fiza irin ta yau a Pompeii ba, don tumatir bai iso Turai ba sai bayan 1492, amma sifar tanderun ita ce dai wadda masu fiza suka gada. Ke nan shekara kusan dubu biyu da suka wuce an riga an san cewa ƙubba ciki ce, tana buƙatar riga.

Dalilin ba na al'ada ba ne kawai, yana cikin yadda tanderun ke aiki. Irin wannan tanderu ba da harshen wuta kaɗai yake gashi ba. Ana hura wuta a cikinsa na sa'a ɗaya ko biyu har bulon ya ƙoshi da zafi, baƙin hayaƙin da ya manne a ƙubba ya ƙone ta koma fari, daga nan daɓen ƙasa da ƙubbar sama su riƙa mayar da zafin a kan abinci. Amfaninsa gaba ɗaya ya rataya ne a kan bulo busasshe. To jan bulo yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana tsotsar ruwa, haka ma abin da ake lulluɓa shi da shi don tsare zafi. Idan ruwa ya shiga, wutar da aka hura sai ta fara biyan bashin ruwan kafin ta taɓa bulo, bashin kuma mai nauyi ne: zafin da ake buƙata don mayar da lita ɗaya na tafasasshen ruwa tururi ya ninka kusan sau bakwai zafin da ya kai litar daga digiri 20 zuwa tafasa. Wannan ne ya sa jiƙaƙƙen tanderu ke cinye ɗaurin itace, fizar ta ƙone a sama, ƙasanta kuwa ɗanye. Akwai abin da ya fi wannan muni. Ruwa idan ya zama tururi girmansa kan ninka fiye da sau 1,600, kuma idan ya rasa mafita sai ya fasa abin da ya tare shi. A ƙasashen sanyi kuma ruwan da ya kwana a cikin tsaga yana daskarewa, ƙanƙara ta fi ruwa girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, kowane dare tana ƙara buɗa tsagar kaɗan. Maginan dā ba su da waɗannan alƙaluma, amma suna da idanu, kuma sun ga abin da hunturu ɗaya ke yi wa tanderun da aka bari a waje.

A Faransa ta zamanin sarakunan gargajiya wannan sani ya zama doka da haraji. Mai ƙasa shi ke gina tanderun ƙauye, shi ke kula da gyaransa, talakawa kuwa dole su kai kwaɓinsu can su biya, galibi da wani kaso na burodin, kuma a wurare da yawa an hana su gina nasu. Majalisar juyin juya hali ta fara rushe irin waɗannan haƙƙoƙi a daren 4 ga Agusta 1789, aka ƙarasa soke su ba diyya a 1793. Abin lura shi ne mutanen ƙauye ba su rushe gine-ginen ba. Sun ƙi harajin, sun riƙe ɗakin, ya koma mallakar jama'a, har yau kuma ana ganin ɗaruruwansu a ƙauyukan tsaunuka. Sifarsu kusan ɗaya ce: ƙaramin ɗakin dutse mai rufin faranten dutse ko tayil, tanderun na can ƙurya, gabansa kuma fili ne mai rufi inda ake jera katakan burodi, da dogayen cebur na katako a jingine, da tarin busassun ƙirare. Iyalai na bin layi, wanda ya fara hura wuta shi ke shan wahalar itace tunda tanderu ya huce, don haka ake juya wannan nauyi tsakanin gidaje, kowace uwargida kuma tana yi wa burodinta alama kada ya cakuɗe da na maƙwabta. A ƙauyen Villar-d'Arêne da ke tsaunukan Alps har yanzu ana taruwa a watan Nuwamba a gasa baƙin burodi a tanderun gari, ragowar zamanin da ake gasa na shekara guda a lokaci ɗaya. Ba a iya irin wannan aiki na kwana da kwanaki a cikin dusar ƙanƙara in ba rufi.

Mai suka zai ce, kuma da gaskiyarsa, ɗora katako a kan wuta neman gobara ne. Ai gobarar Landan ta 2 ga Satumba 1666 daga gidan burodin Thomas Farriner da ke layin Pudding ta tashi, ta cinye gidaje kimanin 13,200 da coci-coci 87. Amma a duba darasin da aka ɗauka daga irin wannan masifa. Ba wanda ya ce a cire wa tanderu rufi. Dokar sake gina Landan ta 1667 cewa ta yi a yi gini da bulo ko dutse. A masarautar Württemberg da ke kudancin Jamus kuwa, dokar kare gobara ta 1808 ta matsa wa ƙauyuka su bar tanderun cikin gidaje su gina ɗakin gashi na gari, kuma daga nan ne yawancin ƙananan gidajen gashin da ke tsakiyar ƙauyukan yankin suka samo asali. Tsimin itace ma na cikin dalilan hukuma. Maganin da aka gano shi ne a raba tanderu da ɗakin kwana, a ba shi nasa ɗan gida nesa kaɗan, da bangon da ba ya cin wuta da bututun da ke kai tartsatsi sama. Haɗarin yana cikin kusanci da gidan mutane da kuma rufin ciyawa, kuma duka biyun ana iya kauce musu ba tare da an bar bulo a ruwa ba.

Misalin da ya fi kama da na mai lambun yau shi ne na lardin Quebec a Kanada, don a can ne tanderun waje ya zama kayan kowane gida. Faransawan da suka zauna a gaɓar kogin Saint-Laurent sun zo da dokar tanderun mai ƙasa, sai ƙasar ta ƙi karɓarta. Gonaki dogaye ne a jere bakin kogi, gidaje nesa da juna, sanyi kuma ba na wasa ba. A 1707 babban jami'in mulkin yankin, Jacques Raudot, ya rubuta wa hukuma a Faransa yana neman a soke wannan haƙƙi, yana mai cewa kwaɓin zai daskare a hanya kafin ya isa tanderun mai ƙasa. Sai kowane manomi ya gina nasa. Lise Boily da Jean-François Blanchette sun bi ƙauyukan lardin sun tattara yadda ake ginin, littafinsu ya fito da Turanci a 1979, kuma bayanin ya cancanci a tsaya a kansa. Ana ɗaga dandamali na dutse ko gungume, a shimfiɗa daɓen yumɓu, a kafa ƙofar ƙarfe a gaba. Sai a lanƙwasa ɗanyun tsumagu a saƙa su kamar kifaffen kwando mai tudu a baya. A tattaka yumɓu da busasshiyar ciyawa da ƙafa har ya yi danƙo, a mulmula shi curi-curi, a jera a kan saƙar daga ƙasa zuwa sama ana bubbugawa. A bar shi ya sha iska, sannan a hura ƙaramar wuta kwana bayan kwana har saƙar ta ƙone, yumɓun ya tsaya da kansa. Aikin bai ƙare ba sai an kafa masa ɗan rufi mai gangara biyu na katako ko fale-falen itace, daga baya kwano, a bar sarari tsakanin rufin da ƙubbar don iska ta ratsa. Talakawa ne waɗannan, ba su da katakon zubarwa a kan ado. Sun yi rufin ne don sun san yumɓun da bai gasu sosai a bayansa ba narkewa zai yi a ruwan bazara.

To daga ina ƙubbar fili ta fito? Daga Napoli aka ɗauko sifar, amma an ɗauko rabi an bar rabi. Fiza abincin talakan birni ce, ana gasa ta a ƙananan shaguna, yara su ɗauka a ka cikin wani gwangwanin tagulla mai riƙe ɗumi suna talla a lunguna. Shagon Port'Alba, wanda ake yawan kira mafi tsufa, ya buɗe a matsayin wurin zama a ci a 1830. Labarin da ake bayarwa cewa Raffaele Esposito ya gasa wa Sarauniya Margherita fiza a 1889 ma a kan mai shago ne. Ƙungiyar kare fizar Napoli ta asali da aka kafa a 1984 ta tanadi a gasa da itace a zafin da ya kai wajen digiri 485 cikin daƙiƙa 60 zuwa 90, hukumar UNESCO kuma ta sa sana'ar cikin gadon al'adun duniya a 2017. Duk gashin da ke cikin wannan tarihi a cikin ɗaki aka yi shi. Ƙubbar da baƙo ke gani a shagon Napoli, wadda aka yi wa ado da ƙananan tayil masu sheƙi, tana iya bayyana a fili ne saboda benen da ke samanta ya riga ya tare mata ruwa, wutar da ake hurawa kullum kuma ba ta barin danshi ya kwana. 'Yan ci-rani sun kai sana'ar Amurka, ana cewa shagon Lombardi's na New York ya fara a 1905 da tanderun kwal, shi ma a cikin gini. Sai a farkon shekarun 1980 gidajen abinci na California irin su Chez Panisse da Spago suka sa fizar itace ta zama abin yayi ga masu hali, daga nan sha'awar ta fita lambu. Mai lambu ya ɗauki ƙubbar shago ya dasa ta ƙarƙashin sararin sama, ga shi kuma ba ya hura ta sai sau ɗaya a mako ko a wata. Ya cire mata kariya biyu a lokaci guda, rufin da kuma wutar yau da kullum.

Wanda ya fi kowa yaɗa ginin tanderu a tsakanin talakawan Amurka bai yi wannan kuskure ba. Alan Scott, maƙeri haifaffen Ostireliya da ya zauna a California, ya wallafa littafin The Bread Builders tare da Daniel Wing a 1999, kuma tsarinsa ya haɗa da kewaye tanderun da bango, a cika tsakanin da wata tsakuwa marar nauyi da aka gasa har ta kumbura, wadda magina ke kira bamikulait, sannan a rufa sama. Ya koma kan dabarar Pompeii ke nan da kayan zamani.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta tanderun jihar New Mexico. A garuruwan 'yan asalin ƙasar irin su Taos da Acoma, tanderun laka masu ƙubba da Sifaniyawa suka kawo suna tsaye a fili ba rufi ɗaruruwan shekaru, kuma ana gasa burodi a cikinsu har gobe. Wannan gaskiya ne. Sai dai ƙasar busasshiya ce, ruwanta kaɗan ne, rana kuma na biyo bayansa nan da nan. Ko a hakan ma ba kyauta suke tsayawa ba, ana sake musu yaɓen laka a kai a kai, aikin da mata suka daɗe suna riƙe da shi. Mutumin ƙasar Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don ya san katangar ƙasa sai da yaɓe kafin damina, ya kuma san dalilin da ya sa ba a barin rumbu ba jinka a kansa. Abin da misalin New Mexico ya nuna shi ne za a biya ko ta halin ƙaƙa: ko dai a biya sau ɗaya da rufi, ko a riƙa biya kowace shekara da yaɓe. Mai lambun Ingila ko na arewacin Amurka ba shi da ranar Taos, kuma ba shi da niyyar kwaɓa laka duk shekara.

Wasu kuma na cewa zamani ya wuce wannan, ga siminti mai hana ruwa, ga fenti na roba, ga tamfol. Matsalar ita ce ƙubba ba ta zama wuri ɗaya. Duk lokacin da aka hura ta tana ɗan buɗewa, idan ta huce ta koma, yaɓen da ke bayanta kuwa ba ya tafiya da ita daidai, don haka tsaga ba makawa ce, ko da siririya kamar gashi. Ruwa ya shiga ta tsagar, fentin da aka shafa don hana shi shiga shi ne zai hana shi fita. Tamfol ma haka, yana tare ruwan sama amma yana tara gumin da ke tasowa daga ƙasa. Rufi ya bambanta da waɗannan ta fuska ɗaya mai muhimmanci: ba ya taɓa ƙubbar. Yana tsaye a kan nasa ƙafafu, ƙubba ta motsa yadda take so, iska na ratsawa tana kwashe danshi. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya yana da hanya mai mutunci, ya sayi ƙaramin tanderun ƙarfe irin na kamfanin Ooni, ya gasa fizarsa ya ɗauke ya shigar ɗaki. Wannan ma rufi ne, na gidansa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a nemi nauyin bulo da daɗewar zafinsa, a kuma ƙi biyan abin da bulo ke nema.

Akwai masu cewa akwatin da ake ginawa yana ɓoye kyan ƙubba, kuma ban ga laifin wannan ƙorafi ba, don ƙubba da aka jera da kyau abin kallo ce. Amma tarihi ya bar hanya biyu, ba ɗaya ba. Akwai ta Pompeii da Scott, inda ake ɗaga bango na bulo ko na ƙarfe da allon siminti a kewaye, a cika da abin tsare zafi, a ɗora rufi. Akwai kuma ta Quebec, inda ake kafa ginshiƙai huɗu da rumfa mai faɗi a bar ƙubbar a buɗe. Ta biyun tana da wata riba da 'yan ƙauyen Faransa suka sani: idan aka miƙa rufin gaba da taku biyu ko uku, mai gashi ya sami wurin tsayawa, itace ya sami wurin bushewa, ruwa kuma ya daina zuba a bakin daɓen, wanda nan ne ya fi saurin shiga. Ko wacce aka zaɓa, ƙa'idojin wuta ba sa canzawa. Kada katako ya taɓa bututun hayaƙi ko ƙubba. A rufe mahaɗar bututu da rufi da farantin ƙarfe don nan ne yoyo ke farawa. A bar ƙananan ƙofofin iska a ƙarƙashin rufin. Dokar gini a Amurka ta tanadi bututu ya zarce inda ya huda rufi da ƙafa 3, ya kuma fi duk wani ɓangaren gini da ke cikin tazarar ƙafa 10 tsawo da ƙafa 2. Idan kuma tanderun ya riga ya sha ruwa kafin a rufa shi, sai a bi shi da ƙananan wuta na kwanaki kamar sabo, don babbar wuta a kan jiƙaƙƙen bulo fasa shi take yi.

Saboda haka mai niyyar gina tanderu a gidansa, ko a Turai yake ko a garin da damina ke sauka da ƙarfi irin Jos ko Abuja, ya sa kuɗin rufi a cikin lissafi tun kafin ya sayi bulon farko. Idan kuɗin bai kai ba, ya rage faɗin tanderun, kada ya rage rufin.